Mangwaron Inna

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar ƙaramar taku, kumburin ya saɓe? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani na waya. Kin san gidanmu, in mutum ya yi tari a ɗakin girki na ƙofar gida zai ce masa sannu, kuma tun da cutar suga ta ci idon Baba kunnensa ya ƙara kaifi. Ke kuma in na kira ki, ba a minti biyu kin ce ana ƙwanƙwasa miki ƙofa. Shi ya sa na ba direban motar da ke zuwa wajenku wannan, ki samu wuri ki zauna ki karanta.

Yaya, mangwaron Inna yana mutuwa. Gefen da ke kallon famfo ya bushe ƙarmas, ƙaro na ta zuba a jikinsa, gara kuma ta shiga ta ƙasa. Shekaranjiya Baba ya sa na kama hannunsa na kai shi gindinsa. Ya ƙwanƙwasa da sanda, ya kara kunne, ya ce cikinsa ya zama rami, ba zai ga damina biyu ba. Ya daɗe a tsaye a wurin, har sai da na ɗauko masa kujera.

Na san kin san tarihinsa, amma bari in tuna miki, tunda ke gwanar mantuwa ce in abu bai shafi gidanki ba. Inna ce ta zo da reshensa daga gidan mahaifinta, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, shekarar da ta shigo gidan nan. Baba, da yake aikinsa ke nan a gandun rainon itatuwa, ya yi masa aure, wato ya tsaga ƙaramin mangwaro na banza ya soka shi a ciki ya ɗaure, ya kama. Uwar bishiyar ta can an sare ta lokacin da aka faɗaɗa hanya. Wato duk duniya babu irinsa sai wannan na tsakar gidanmu. Ba zare ko ɗaya, ƙwallonsa siriri kamar mataji, ga ƙanshin da ya sa Inna ba ta taɓa iya ɓoye mana ko guda a ɗaki ba. Kuma kin ji Baba ya faɗa ya fi sau dubu cewa ƙwallo maƙaryaci ne, ka shuka na mai daɗi ya ba ka mai tsami. In ana son irin ya tsira, sai dai a yanki reshe a yi aure tun yana da sauran ɗanyen kai.

Ni dai na yi abin da zan iya. Tun bara na shuka ƙwallayen mangwaron kasuwa a buhunan siminti, shida suka tashi, yanzu kowanne ya kai kaurin fensir. Su ne Baba yake kira jakai, wai aikinsu ɗaukar kayan wani. Jakai sun shirya, sabuwar reza tana nan, na yanka leda siri-siri don ɗauri. Hannu kawai ya rage. Na Baba ya tashi daga aiki, kan yatsunsa sun mutu, ko maɓallin riga ba ya ji, ni nake ɓalla masa.

Na ce masa ya zauna ya riƙa faɗa mini, ni in yi. Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Ya ce hannuna zafi gare shi, abin da na taɓa ya gama yawo. Kin san tushen maganar. Ina shekara tara na kwance masa ɗaurin wani lemo don in ga ko ya haɗe, lemon ya mutu. Shekara ashirin da shida ke nan, na yi makaranta, na zama malama, na yi aure na dawo, na yi jinyar Inna har ta cika a hannuna, amma a wurin Baba har yau ni ce yarinyar da ta kwance leda. Ya ce a jira mai hannu, wato ke.

To mai hannu, ki taimaka ki zo. Ba don ni ba, na san ban kai a hau mota saboda ni ba. Rassa uku ne suka rage masu ganye, kuma kullum sai na share busasshe cikin kwando.

Ki gaishe mini da maigidan, ki shafa kan yara. Baba ma yana gaishe ki, ko da yake bai san na rubuto ba.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kun isa gida lafiya ranar nan, kuma gajiyar hanya ta sake ki. Ai dole ki gaji, mako bakwai muna zuba ido, kika zo kika yi mana awa uku cur. Baba har yau yana labarin turaren da kika sa.

Tare da wannan takarda direba zai ba ki buhun siminti mai ɗan mangwaro a ciki. Kafin ki sa a haƙa masa rami, ki karanta zuwa ƙarshe.

Ranar da kika yi wa mangwaron auren, waya tana maƙale tsakanin kunnenki da kafaɗarki, kina faɗa da mai ɗinki a kan labule. Kin fiƙe reshen da kyau, ban hana miki wannan ba, hannunki bai manta ba. Amma ta kai kika fiƙe shi. Kika tsaga jakin kika soka shi a juye, idanun reshen suna kallon ƙasa, kika naɗe, kika kifa leda, Baba yana gefe yana sa miki albarka. Na gani da idona, kuma na ja bakina na yi shiru. Ba zan ɓoye miki ba, so na yi sau ɗaya a rayuwa in ga mai hannu ta faɗi a gabansa. Allah Ya yafe mini wannan.

Motarku na tashi na kwashi sauran jakai biyar na kai su bayan ɗakin girki. Ba wanda ya taɓa koya mini, amma shekara nawa ina tsaye bakin ƙofa ina kallon yana koya miki. Na zaɓi rassa masu kumburarren ido, na tsige ganyen, na fiƙe gefe biyu da yanka ɗaya-ɗaya, na haɗa ɓawo da ɓawo, na ɗaure daga ƙasa zuwa sama don kada ruwa ya shiga. Mako uku ban taɓa ledar ba, ko da yake hannuna na ƙaiƙayi. Huɗu suka yi baƙi. Na biyar ya fasa ido, ya fito da jajayen ganye guda huɗu, sama da ɗaurin. Na durƙusa a wurin na yi kuka, ni kaɗai da kaji.

Naki kuwa ya bushe tun a makon farko, in kin murza shi sai ya zama gari. Sai dai jakin da ke ƙarƙashinsa, da ya ga ba kaya a bayansa, ya fito da nasa tohon daga ƙasan ɗauri, kore shar, mai ƙarfi. Kullum da safe Baba sai ya sa an kai shi wurin buhunki. Ranar da bayan hannunsa ya taɓa ganye sai ya tsaya cak. Ya lalubi ɗaurin bai ji komai ba, yatsun ba sa gaya masa. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Auta, sama da ɗaurin ya fito, ko ƙasa?"

Tun rasuwar Inna ban ga fuskarsa haka ba. Na daɗe ina jiran ranar da zan ce masa naki ya mutu, ga ranar ta zo, sai na kasa. Na ce, "Sama."

Ya ɗaga hannu ya yi ta godiya ga Allah, ya ce dama ya sani, hannunki hannun Inna ne. Ni kuma da wautata na ɗauka tunda yana cikin farin ciki, wuri ya samu. Na ruga na kinkimo nawa buhun na ajiye a gabansa, na ce ni ma na gwada, ɗaya ya kama. Ko hannu bai miƙa ba. Ya ce tohon jaki ne nake gani nake rawar kai, wanda bai san aiki ba kullum haka yake ruɗuwa. Na ce wallahi sama da ɗaurin yake. Sai ya ce, a hankali, kamar mai ba ni shawara:

"Ke da ko a cikinki abu bai taɓa kamawa ba, a hannunki ne zai kama?"

Na ɗauke buhuna na mayar bayan ɗakin girki. Na dafa masa abincin rana, na ba shi maganinsa, na yanke masa farce.

Makon jiya babban reshe ya karye ya faɗa kan katangar maƙwabta, dole aka kira mai faskare ya sare bishiyar gaba ɗaya. Baba bai damu sosai ba, ya ce ai magaji ya samu. Shi ne ya ce a aiko miki da naki, wai wanda ya yi aiki shi ya kamata ya ci, kuma filin gidanki ya fi namu. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Don haka ki sani, abin da ke cikin buhun nan jaki ne tsura. Mangwaron Inna na gaskiya guda ɗaya ya rage, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, yana bayan ɗakin girki. Ni na ƙulla ƙaryar, amma ke kaɗai za ki iya kwance ta, don maganarki kawai yake ji. Ki lallaɓa shi ki gaya masa. Ki ce kuskure ne, ki ce waya ce ta ɗauke miki hankali, ba zai ga laifinki ba, bai taɓa gani ba.

Gaisuwa ga maigidan da yara. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kuma babbanku ya ci jarrabawarsa. Na ga hoton sabon falonku a wayar Gwaggo, labulen ya yi kyau, ashe faɗan da kika yi da mai ɗinki bai tafi a banza ba. Jikin Baba da sauƙi, sai dai ƙafa da ke kumbura.

Shekara uku ke nan da 'yan watanni tun takardar da na haɗa miki da buhu, ban ga amsa ba. In mun yi waya kuwa sai ki yi ta tambayar farashin kaya, kamar ba ki taɓa karanta komai ba. To bari in ba ki labarin ɗan marayan da kika ƙi tambaya.

Na dasa shi a gurbin uwarsa. Kwana huɗu na yi ina tone tsohon kututture bayan na taso daga makaranta, na ƙone gidan garar, na haƙa rami har gwiwa, na cika da ƙasar sama da tsohon taki wanda ya huce. Na bar wurin haɗin yatsa huɗu sama da ƙasa, na kafa masa sanda, na kewaye shi da waya saboda awakin maƙwabta. Duk tohon da ya fito daga ƙasan haɗin ina tsige shi tun yana jariri. Bara ya yi fure, na daure na tsinke duka don kada ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa. Yanzu ya fi ni tsawo, inuwarsa tana ɗaukar tabarma ɗaya.

Baba ya raɗa masa suna jakin Auta. In ya wanke hannu da sabulu a gindinsa yake watsa ruwan, in zai wuce sai ya kai masa sanda. Baƙo in ya zo, labarin farko da zai ji shi ne yana da 'ya'ya biyu, ɗaya ta ceci bishiyar uwarta cikin awa uku, ɗaya kuma ta kafa ciyawa a kan kabarin bishiyar tana yi mata bauta. Ina tsaye da tire a hannu ake wannan hira.

Watan jiya na gaji, na zaunar da shi na faɗa masa komai, reshen da kika juya, da kalmar da na faɗa masa da safen nan. Ya saurara har na gama. Ya ce ya san ni da abubuwa da yawa amma bai san hassadata ta kai nan ba. Ya sa na kira ki, ya ce in buɗe muryar wayar don in ji da kunnena. Kin tuna abin da kika ce? Ni na haddace. Kika yi 'yar dariya kika ce, "Baba, rabu da Auta, zaman gida ne ya dame ta. Nawa har ya wuce katanga."

Lallai ya wuce katanga, jaki ai ba ya wasa da girma. Na riƙe wayar a kusa da kunnensa har kuka gama. Na tsane ki a ranar, Yaya, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Abin da ya sa na sake ɗaukar biro shi ne, bana na bar masa furensa. Iska ta kakkaɓe da yawa, uku suka riƙe. Sun kai girman ƙwan agwagwa, masu ɗan lanƙwasasshen baki irin na Inna sak. Nan da wata guda za su nuna, su yi magana da kansu. Ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Na kuma tanadi sababbin jakai takwas a buhu, amma ban yanki reshe ko ɗaya ba tukuna. Dokar Baba ce, ba a ɗaukar reshe daga bishiyar da ba ta nuna 'ya'yanta ba, kuma ni duk abin da na iya daga bakinsa na tsinta. Ana tsinke ukun nan zan yi aure takwas a rana ɗaya.

Sai dai tun da Baba ya ji Gwaggo na cewa bishiyar ta ɗauki 'ya'ya ya tayar da hankali. Wai ba zai zauna da ransa a ci mangwaro mai tsami daga gurbin Inna ba, a ce shi ne nata. Ya fara tambayar ina mai faskaren nan ya koma. Ni kuma an sa sunana cikin masu zuwa gyaran takardun jarrabawa, kwana biyar, ba yadda zan ƙi. Gwaggo za ta zauna da shi, kin kuwa san Gwaggo ba ta iya ce wa yayanta a'a ba.

Ban ce ki ce ni na iya ba. Ban ma ce ki tona kanki ba. Ki kira shi kawai ki ce ya bar bishiyar wata ɗaya. Kalma biyar ce, ba ta kai kuɗin katin da kike ƙonawa a kan labule ba.

Na roƙe ki don darajar wadda ta haife mu. Ki gaida gida.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma muna nan da rai. Akwai ɗan ƙunshi tare da takardar nan, ki buɗe shi a hankali, abin ciki ya nuna sosai.

Na san kin riga kin ji, amma ina so ki ji daga wurina. Na dawo ranar Asabar da la'asar, na turo ƙofa, sai na ga hasken tsakar gidan ya yi yawa. Na tsaya da jakata a hannu ina neman abin da ya canza. Wayar da na kewaye shi da ita tana naɗe a jingine da bango, an share wurin tas. Kututturen bai fi tafin hannuna ba, daidai da ƙasa.

Gwaggo ta ba ni labari tana kuka. Washegarin tafiyata Baba ya aika aka nemo mai faskare. Da mutumin ya ga bishiyar sai ya yi turus, ya ce wannan ai kamar ɗan aure ne, ga tabon haɗi nan a jiki. Baba ya ce shekara talatin ya yi yana wannan aiki, ba mai gatari ne zai koya masa ba. Duk da haka, in ji Gwaggo, maganar ta ɗan taɓa shi, don ya sa ta kira ki. Ya tambaye ki ko akwai wani abu da kike so ki gaya masa game da bishiyar nan. Takardata tana hannunki kwana shida a lokacin, direba ya tabbatar mini. Kika ce gidansa ne, ya yi yadda ya ga dama, kina kan hanyar kai yara makaranta.

Shi da kansa ya ce a sare daga ƙasa sosai don kada ya sake tashi. Sara huɗu aka yi. Mai faskare ya kwashe rassan a matsayin ladansa, ya kai wa masu gidan burodi. Gwaggo ta tsinci mangwaron uku a ƙasa ta ɓoye a cikin kwanon wanki.

Ban yi kuka ba. Na gaida Baba, ya amsa da fara'a, ya ce ya rage mini aikin ban-ruwa. Na ce na gode. Na ɗauki ukun na duba, sun ƙosa, saura nuna. Na sa su a kwali na rufe da tsohon zanen Inna, na tura ƙarƙashin gadona. Na je gidan burodin ma, kada ki ce ban je ba. Suka nuna mini bakin murhu.

A kwana na biyar ƙanshin ya fara fita. Yana zaune a baranda sai na ga ya ɗaga hanci, ya juya kai dama da hagu, ya tambaya ko wani ya shigo. Na ce ba kowa. Ranar bai ci abincin kirki ba. Na bar shi da ƙanshin kwana biyu cur, ina sane.

Rana ta bakwai bayan azahar na fere guda, na yanka a faranti. Likita ya hana shi zaƙi, wannan ma ina sane. Na ajiye a cinyarsa na ce ga ɗan abin taɓawa. Ya lalubo yanka ɗaya ya kai baki. Suga ta ci idonsa, ta ci yatsunsa, amma ta bar masa harshe. Ya tauna sau biyu ya tsaya. Na ga yana yawo da harshensa yana neman zare, bai samu ba. Ya tambaya da wata irin murya ko ke kika aiko.

Na ce, "Daga jakin Auta ne, Baba."

Farantin ya zame ya faɗi. Ya miƙe ba sanda, abin da ya yi shekara bai yi ba, ya ce ina rassan, a nemo mai faskare, in ɗauko reza, in yi sauri. Ya kamo hannuna, wannan hannun mai zafi, ya riƙe da nasa biyu yana cewa ke za ki iya, ke za ki iya. Shekara kusan talatin ina jiran kalmar nan. Na bar shi ya faɗa har ya gaji, sannan na tuna masa cewa yau kwana goma sha ɗaya da sara, kuma daga bakinsa na ji cewa reshe ba ya wuce kwana uku. Na ce masa rassan ma sun gasa burodi, wataƙila wanda ya karya da shi shekaranjiya.

Na ji daɗi, Yaya. Na kai minti ɗaya ina jin daɗi har cikin ƙashina. Daga nan ya durƙusa yana lalube a ƙasa, yana tsintar yankan mangwaron da ƙasa a jiki yana kaiwa baki, yana kiran sunan Inna na yarinta wanda ban taɓa jin ya faɗa ba. Daɗin ya tafi, bai kuma dawo ba. Da na buɗe baki ranar da kika juya reshen, ko da na ce masa ƙasa ranar da ya tambaye ni, ko da na karya dokarsa na yanki reshe ɗaya tun bara, da yanzu ba wannan takardar nake rubutawa ba. Mu uku muka sare bishiyar nan, mai faskare aikinsa kawai ya yi.

Ya tsotse ƙwallon har ya yi fari, yana cikin aljihunsa, ko wanki zan yi sai ya ciro ya riƙe. Jiya ya ce ko za mu gwada shuka shi. Na ce ƙwallo maƙaryaci ne. Ya ce haka ne.

Na biyun na ba Gwaggo, ita ta tsince su. Na ukun shi ne a ƙunshinki. Ki ci ke kaɗai, ki ci a hankali, babu wani bayansa. Naki na gida kuwa kada ki fasa ba shi ruwa, zai yi 'ya'ya buhu-buhu, masu tsami da zare. Ki tara yaranki ki ba su, ki ce musu wannan ne na kakarsu, za su yarda tunda ke kika faɗa. Baba bai ce in kira ki ba tun ranar, ni ma ban tuna masa ba. In wayarki ta shigo sai ya ce in ce yana barci.

An yi ruwa sau biyu a makon nan, kututturen ya fito da toho guda shida, kore shar. Gwaggo ce ta yi suɓul da baka ta gaya masa. Yanzu kullum da safe, kafin ya sha magani, sai ya ce in kai shi wurin. Ya durƙusa ya shafa ganyen da bayan hannu, ya daɗe, sannan ya ɗago ya tambaye ni sama da haɗin suka fito ko ƙasa. Ya san inda ya ce a sara, amma sai ya tambaya, da fuskar nan tasa ta ranar farko. Ni kuma na daina yi masa ƙarya. Kullum ina ce masa ƙasa, in kama hannunsa in mayar da shi baranda.

Ki gaida maigidan da yara. Ba sai kin ba da amsa ba.

Ƙanwarki,
Auta